Lodin Raƙumi a Bayan A-kori-kura

Ni dai tun ina saurayi an san ni da saurin fushi, kuma ban taɓa musantawa ba. Amma sau ɗaya tak na ɗaga murya a gaban mahaifina, shi ma a kan mota. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai sai kunya ta kama ni, can kuma in fashe da dariya ni kaɗai, jikoki su yi ta kallona suna zaton tsufa ne.

Lokacin an yi kamar shekara biyu da samun mulkin kai. Gidanmu a Illela gidan raƙuma ne tun kakanni. Baba yana da goma, ƙanensa da muke kira Baffa shi ke kula da ɗaurin kaya da tafiya. Gishiri da kanwa daga arewa, gero bayan kaka, albasa idan bazara ta shigo, duk mai kaya masu nauyi ƙofar gidanmu yake zuwa. Ni ne ɗan fari, don haka Baba bai taɓa kama sunana ba, daga "kai" sai "wanga". Na yi shekara huɗu a Sakkwato ina tuƙa babbar motar wani attajiri, sai Baba ya aiko in dawo, wai gwiwoyinsa sun fara ba shi wahala. Na dawo da mata da 'ya'ya biyu da lasin a aljihu, aka miƙa mini akalar raƙumi.

Ban ji daɗi ba, kuma ban ɓoye ba. Mutum ya saba ya tashi Sakkwato da safe ya ci abincin rana a Gusau, a ce ya koma bin dabbar da ke tafiya kamar ana roƙonta! Ba ma wannan ne ya fi damuna ba. Na ga abin da Baba bai so ya gani: manyan motoci sun fara cinye doguwar hanya. Abin da ya rage mana shi ne ɗan tsakanin ƙauye da kasuwa, shi ma ban ga alamar zai daɗe a hannunmu ba.

Wata Laraba na je kasuwar Konni, can ƙetaren iyaka, sai na gan ta a ƙarƙashin wata darbejiya. A-kori-kura ce, gabanta wurin zaman mutum uku, bayanta buɗaɗɗen bodi da tamfol, sitiyarinta a hagu irin na ƙasar Faransa. Wani ɗan kasuwar Konni ne ya saye ta hannun wani Bature da ke haɗa kayansa zai koma gida. Don sha'awa ya saya. Ba shi da direba, harkarsa kuma duk ta can arewa ce, inda rairayi ba ya raga wa taya. Raƙuma yake so. Ya ce a ba shi takwas a ɗauki mota. Na leƙa injin, na kwanta na duba ƙarƙashinta, na tayar da ita na kasa kunne. Lafiyarta lau. Ranar ko abin da ya kai ni kasuwa ban saya ba.

Wata biyu na yi ina fama da Baba. Majalisar ƙofar gidanmu kuwa, kowa ya zama masanin mota. Mutanen da ba su san birki da giya ba! Wannan ya ce in mota za a saya a sayi babba, a san an sayi mota. Wancan ya ce in don a burge ne a sayi ƙarama irin ta Di'o, Baturen mulki. Wani tsoho mai sayar da goro ya ce wannan ai ba babba ba ce ba ƙarama ba, ta rasa dangi, wa zai yi hayarta?

Na ce da su abin da suke raina ta da shi, shi ne kasuwarta. Babbar mota sai ta yi kwana biyu a tasha tana jiran ta cika, ta cika kuma ba ta barin babbar hanya. Ƙarama ko akuya biyu ba ta ɗauka. Mai buhu biyar a Amarawa, mai tunkiya shida a Gidan Katta, matar da naƙuda ta zo wa da gardama a wani ƙauye, su wa ke ɗaukarsu? Irin waɗannan su ne suka fi yawa a ƙasar nan, kuma babu motar da aka yi dominsu sai wannan. Na yi ta bayani har bakina ya yi kumfa. Suka ce Sakkwato ta lalata ni.

Baba ba ya sa baki a majalisa. Sai wata rana bayan sallar la'asar ya kira ni zaure, Baffa na zaune a gefensa.

"Kai," in ji shi, "ka dame ni da zancen wagga mota. To ga magana guda. Mu ba mu sayen dabba sai mun gani. A kawo ta, ta yi kwana uku a gidan nan kamar yadda aka saba. Ran Lahadi akwai albasa buhu goma sha shida a fadamar bayan Gidan Katta. Raƙuma takwas da ake so in bayar suna kai ta kasuwar Illela kafin azahar. In ta kai, na saya. In ba ta kai ba, ka maida ta kafin rana ta faɗi, kuma kada in sake jin sunan mota a bakinka har in koma ga Allah."

Haka ake yi a cinikin raƙumi a wurinmu. Mai saye yana da kwana uku, ya ɗora wa dabba kaya, ya ga cinta, ya ga tafiyarta. In aibi ya bayyana ya mayar, ba faɗa ba ɓacin rai. Mutumin Konni ya san al'adar, shi ma ɗan gidan raƙuma ne, sai ya yi dariya ya yarda. Ni kuwa na ce na amince da sharaɗin tun Baba bai rufe baki ba.

Abu ɗaya na ɓoye, kuma laifina ne. Na san motar buhu shida take ɗauka na irin manyan buhunan albasar nan, wato kayan raƙumi uku. Na ji tsoron in na faɗi haka a zaure Baba zai kakkaɓe rigarsa ya tashi. Na ce a raina ranar Lahadi sai in yi sawu uku da wayo, in an ga albasa a kasuwa wa zai tsaya tambaya?

Ranar Juma'a da hantsi na je na tuƙo ta. Na wuce 'yan duwan, wato kwastan ɗinsu na can, ina bin hannun dama, na iso wajen kwastan namu na koma hannun hagu, don a lokacin mu hagu muke bi. Na shigo Illela mutane na biye da ni har ƙofar gida. Baba ya fito da sandarsa. Ya zagaya ta sau biyu a hankali, ya dafa kowace taya, ya ce in buɗe bakinta. Na ɗaga murfin injin, ya leƙa ya daɗe yana kallo. Ya tambayi mi take ci, mi take sha, na gaya masa. Na ce ya shiga in zagaya da shi, ya ce ƙafarsa ba ta taɓa taka mota ba kuma ba yau za ta fara ba.

Ranar Asabar da yamma ya hau raƙuminsa ya tafi fadamar, ya kwana gidan mai lambun albasar, abokinsa ne na shekaru. Ni da Baffa muka bi shi ran Lahadi bayan sallar asuba. Baffa ya riƙe ƙofa da hannu biyu har muka isa, yana ta salati. Muka tarar buhunan a jere bakin lambu, masu ɗauka su huɗu suna jira, Baba na zaune a kan buzunsa.

Na ɗauki galan zan ɗebo ruwan lagireto na sanyaya inji a rijiya, sai Baba ya ce, "In ka tahi ka biya ka gaida mai lambu, ƙafa ta kwantar da shi." Ba a cewa a'a ga irin wannan. Na je. Tsohon ya riƙe ni da gaisuwa, ya tambayi matata, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi mutanen Sakkwato kamar duk na san su. Aka kawo fura, ya rantse sai na sha. Ina sha ina kallon ƙofa. Ko kusa bai zo mini a rai ba cewa za a fara lodi ba ni, ai motata ce a ganina.

Da na dawo, galan ɗin ya kusa faɗuwa daga hannuna.

Motar ta ɓace a ƙarƙashin albasa. Masu ɗauka sun cika bodi sun yi tsiri, sun rataya buhu biyu ta dama biyu ta hagu da igiya yadda ake yi wa raƙumi don kada kaya su rinjaya, sun ɗora ɗaya a kan rufin direba. Na ƙirga goma sha uku. Bayanta ya zauna daɓas, bodi ya kusa taɓa taya, gabanta ya ɗaga sama. Ga mutum biyu sun ciccibo na goma sha huɗu, Baffa na nuna musu inda za su sa.

"Ku aje!" na daka tsawa. "Ku aje shi nan! Wa ya ce ku yi haka? Za ku kashe ta!"

Baffa ya juyo yana murmushi, shi a ganinsa abin yabo ya yi. "Kwantar da hankalinka, ɗana. Ina nan ina saurare tun buhun farko. Ba ta yi kuka ba, shi ya sa munka ƙara. Wallahi ban taɓa ganin mai haƙuri irinta ba."

A nan ne ya kamata in gane, in yi dariya, in yi bayani. Mai raƙumi ba ya auna kaya da sikeli, da kunne yake aunawa. Raƙumi na durƙushe ana ɗora masa yana ruri, kuma rurin iri-iri ne. Akwai na shagwaɓa wanda ba a kulawa, akwai wanda in ya yi an san ya isa, ko tsinke aka ƙara ba zai tashi ba. Baffa ya yi shekara talatin yana sauraren wannan, bai taɓa karya bayan dabba ba. Ya tsaya yana jiran mota ta gaya masa ya isa, ita kuwa ta yi shiru.

Amma fushi bai bar ni na gane ba. Na ce, "Haba Baffa! Ƙarfe ne zai yi maka kuka? Wannan wane irin rashin sani ne? In ba ku iya ba ku bar wa wanda ya iya mana!" A gaban masu ɗaukar kaya na faɗi haka, ga ƙanen ubana, mutumin da ya goya ni a wuyansa. Murmushin ya bar fuskarsa. Masu buhun suka sauke shi a hankali.

Baba bai tashi daga buzunsa ba. "Mi kac ce?"

Na durƙusa a gabansa, amma muryata ba ta sauka ba tukuna. Na ce kayan sun yi mata yawa, in na motsa da ita haka ko bakin hanya ba za ta kai ba.

"Nawa take ɗauka?"

Na juya ina kallon buhunan.

"Da kai nike."

"Shida, Baba."

"Shida." Ya maimaita yana kallon masu ɗaukar kaya, kamar yana so su zama shaida. "Kayan raƙumi uku. Kuma ka ce in ba da takwas. Ka san haka tun a zaure?"

Na ce na sani. Wallahi a lokacin na riga na sallama. Na hango kaina ina tuƙa ta zuwa Konni da yamma, na hango majalisa da mai goro, na hango sauran rayuwata da akala a hannu. Tunda komai ya lalace, sai na ce bari in nuna masa ko don kada ya ɗauka ƙarya na ƙara. Na roƙe shi ya zo ya duba. Ya daɗe kafin ya miƙe. Da ciwon gwiwarsa da komai ya durƙusa a bayan motar, ya kwantar da kai yana leƙe. Na nuna masa sifirin, waɗannan faffaɗan ƙarafan da aka jera wani kan wani. Na ce ranar Juma'a a lanƙwashe suke kamar baka, ga su yanzu sun miƙe sumul, saura kaɗan su juya ta ɗaya gefen su karye. Ya kai hannu ya shafa. Ya sa yatsa tsakanin taya da bodi, yatsan bai shiga ba.

Ya ɗago ya dubi Baffa. "Ta gaji tun ɗazu," in ji shi. "Ba ta da bakin faɗi ne." Ya dafa sandarsa ya tashi, ya kakkaɓe gwiwa. "Ku sauke mata." Sannan ya juyo gare ni. "Ban ce sawu ɗaya ba, ban ce goma ba. Na ce goma sha shida kafin azahar. Rana ga ta can tana tafiya, kai kana durƙushe."

Ban taɓa tashi da sauri irin na ranar ba. Sauke buhu bakwai da kwance igiyoyin Baffa ya ci mana lokaci, don ɗaurinsa ba ya kwantuwa da garaje. Da aka rage saura shida sai bayan motar ya ɗago, na ji kamar ni aka sauke wa. Baffa ya shiga gaba ya kawar da kai. Sawun farko muka tafi lafiya. Muka sauke a gefen kasuwa inda manyan motocin kudu ke jiran albasa, na bar kayan hannun dillalin da muka saba da shi, muka juyo.

A sawu na biyu ne na ga ta kaina. Akwai wata busasshiyar ƙorama a hanya, cike da rairayi. Da safe sanyi ya sa rairayin ya riƙe, yanzu rana ta buɗe, ni kuma gaggawa ta sa na bi tsakiya inda na bi ɗazu. Sai ji na yi mota ta tsaya tana haƙa. Na ƙara wuta, ta ƙara nutsewa. Na kashe, na kifa kai a kan sitiyari. Inuwar itatuwa ta riga ta fara gajarta.

Baffa ya buɗe ƙofa ya sauka. Na ɗauka tafiyarsa zai yi, kuma da ya tafi ban ga laifinsa ba. Sai ya zaro wuƙarsa ya shiga saran kaba a bakin ƙoramar. Ya kawo runguma biyu, ya durƙusa yana tone rairayin gaban tayoyi da hannu yana shimfiɗa kabar. Na sauko na kama masa. Muna cikin tonon na ce, "Baffa, ka yafe mini. Bakina ne."

Bai dube ni ba. "Bakinka na san shi tun ba ka da haƙori. Shiga ka tuƙa." Ya sa kafaɗa a bayan bodi, wasu Fulani biyu masu wucewa suka kama masa, na ba ta wuta a hankali, ta yi tsalle ta fita. Da ya dawo ya zauna yana haki sai ya ce, "In mun dawo kada ka bi nan. Raƙumi ma ba ya bin tsakiya da rana. Ka hau sama wajen waccan aduwa, ƙasar nan tsauri gare ta." Ni da nake taƙamar lasin, ashe hanyar ma ban sani ba. Daga nan har muka gama shi ke nuna mini inda zan sa taya, ban sake kafewa ba.

Da muka koma ɗaukar na ƙarshe, Baba na zaune a kan ɗaya daga buhu huɗun da suka rage, ya kafa sandarsa a ƙasa yana duban inuwarta. Aka loda, na ɗaure da kaina cikin sauri. Ina shirin shiga sai na ji ya ce da Baffa, "Kai taho da raƙumina." Ya zo bakin ƙofar motar ya tsaya. Ya tuɓe takalmansa kamar zai shiga ɗaki, ya yi bisimilla, ya shiga ya zauna ya ɗora su a cinya. Na tayar da mota da sauri, tsoro nake kada ya fasa.

Muka kama hanya. Ina satar kallonsa, shi kuwa idonsa na kan hanya, gemunsa na rawa duk inda muka faɗa rami. Mun wuce ƙoramar ta wajen aduwar, har na fara jin sanyi a raina, sai ya buga sandarsa a ƙasan motar.

"Tsaya. Kaya sun faɗi."

Ni ban ji komai ba, amma na taka birki. Na leƙa baya, ga buhu can a tsakiyar hanya, bakinsa ya fashe, albasa ta watse har cikin ciyawa. Innalillahi! Na ruga ina tsinta ina zubawa a gaban riga. Baba ya sauko ba takalmi a wannan zafin, ya tsaya yana duban igiyar da na ɗaure sauran da ita. Ya ja ta da yatsa ɗaya ta kwance. Ya taya ni muka mayar da buhun, ya ɗinke bakinsa da basillar da ba ta rabuwa da aljihunsa, sannan ya sake ɗaure kayan duka tun daga farko, a natse, kamar ba mu da wani alkawari da rana. Ina tsaye ina tafasa, amma wannan karon na kame bakina.

Muka shiga kasuwar Illela rana ba ta kai tsaka ba. Aka sauke buhu huɗun kusa da sauran. Dillali ya ƙirga da ƙarfi har goma sha shida. Na dubi sama, na dubi masallaci, ladan ko alwala bai fara ba. Na zauna a ƙasa na jingina da taya, rigata sharkaf da gumi tana warin albasa. Alhamdulillahi kawai nake maimaitawa. Ban taɓa jin daɗin zama a ƙasa irin na ranar ba.

Baba kuwa ya rasa abin yi. Shekara arba'in yana shigowa kasuwar nan a gajiye, ya sauke kaya ana kiran salla. Yau ga shi a tsaye da takalma a ƙafa, albasa ta riga ta samu mai saye, azahar da saura. Ya zagaya rumfar masu goro, ya dawo, ya sake tafiya. Kafin ya dawo karo na biyu mutum uku sun same ni a jikin tayar. Ɗaya yana da gero buhu biyar a Amarawa, ɗaya tumaki ya saya yana so a kai masa gida, na ukun kuwa mai goron nan ne na majalisarmu, wai ko zan leƙa Konni ran Laraba. Na ce da su duka su dakata, motar ba tawa ba ce tukuna.

Mutumin Konni ya zo kasuwa tun safe, yana zaune a inuwa yana jiran hukunci. Baba ya gan shi sarai, amma ya wuce masallaci. Aka yi azahar, bai kira shi ba. Ya ci abinci a rumfar wani abokinsa, ya kishingiɗa. Ni kuwa ina jikin mota ina jira. Na fara tunanin ko maganar da na gaya wa Baffa ce za ta ci ni, don sharaɗi dabam, rashin kunya dabam, kuma Baba ba ya mantuwa. Sai da aka yi la'asar Baffa ya iso da raƙumi, suka keɓe su biyu suka yi magana ƙasa-ƙasa. Na ga Baffa na nuna kafaɗarsa yana dariya. Sannan Baba ya aika a kira mutumin Konni.

Ya miƙa masa hannu a gaban dillali da Baffa. "Na gani, na saya. Gobe ka zo ka ɗauki takwas, ban da wanda nike hawa da tsohuwar taguwa."

"Na sallama," in ji mutumin. "Allah shi sa albarka."

Aka shafa fatiha. Na matso in yi godiya. Baba bai ko dubi inda nake ba, ya hau raƙuminsa ya nufi gida.

Na iso na tarar da shi a zaure, ya jawo wata tsohuwar jakar fata daga bayan ƙofa. Ya zazzage ta a gabana. Igiyoyin lodi ne na fata, sun yi baƙi sun yi santsi don shan hannu, na kakana ne, ko Baffa ba ya taɓa su sai da izini.

"Motar ta ci," in ji shi. "Kai ne ka faɗi. Shekara huɗu a Sakkwato, buhu huɗu sun gagare ka ɗauri. Ɗauki waɗannan ka kai mota, ni ba ni da abin ɗaurewa da su kuma."

Na tattara su na rungume, sun fi yadda na zata nauyi. Har na kai bakin ƙofa ya sake magana, bai ɗago kai ba.

"Gobe in mutumin Konni ya zo, kai da Baffanka ku fitar masa da raƙuman. Ni ina da zuwa gaida mai lambu."